Tagwaye a Ciki Ɗaya, Kowa da Rabonsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaba, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a ƙasar Ƙonni da Malbaza da Illela, idan aka ce mace na ɗauke da tagwaye, gida kan cika da murna, har a fara kiran Hassan da Husaini tun ba su iso ba. To amma wani lokaci a je awo, hoton ciki ya nuna ɗaya yana girma, ɗayan ya tsaya a baya. A nan ake gane zurfin yaƙinin muridi.

A Suratur Ra'adi, aya ta 8, Allah Ya ba da labari cewa Ya san abin da kowace mace ke ɗauke da shi, da raguwar da ke faruwa a mahaifa da ƙaruwarta, kuma komai a wurinSa da gwargwado yake. Wanda ya riƙe wannan ba zai ce kishiya ce ta yi sammu ba, ba zai ce babban ne ya cinye ɗan'uwansa da mugunta ba. Zargin musulmi ba da hujja ba zunubi ne, kuma yana duhunta zuciyar mai wuridi.

Sai dai Wanda Ya ƙaddara Shi ne Ya sanya sababi. Likitoci sun bayyana cewa tagwaye kan yi tarayya a mabiyiya ɗaya, ɗaya ya sami yanki babba, ɗayan ƙarami, sai jini da abinci su yi masa kaɗan. Wani lokaci kowa da tasa mabiyiyar, amma ta ɗayan ba ta da ƙarfi. Idan bambancin nauyinsu ya kai kashi 20 zuwa 25 cikin 100, sukan ƙara sa ido. Masu mabiyiya ɗaya ana son a riƙa duba su duk mako 2 tun daga mako na 16, domin idan ƙaramin ya rasu a ciki, babban ma yana cikin haɗari. Hawan jini da zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini suna ƙara tsananta lamarin.

Saboda haka tawakkalin ɗan'uwa shi ne ya ɗauki iyalinsa ya kai ta awo, idan an tura su asibitin Ƙonni ko na Galmi ko Tawa ya tafi ba da jinkiri ba. Wanda ya iya tsare gonar albasa da ban-ruwa safe da yamma, bai ce Allah zai shayar da ita ba, to ran da ke cikin matarsa ya fi albasa cancantar tsaro. Ya sama mata abinci mai gina jiki da gidan sauro, ya sauke mata daka da ɗiban ruwa. Idan ta ji motsi ya ragu, ko ta ga jini, ko kanta ya yi ciwo mai tsanani, ba a jiran gari ya waye.

Shari'a ma ta tausaya wa wannan ɗan tayi. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani an yi bayanin cewa mai ciki idan ta ji tsoro ga abin da ke cikinta, ta sha azumi. Kada a hana ta sauƙin da Allah Ya ba ta.

Ita kuma zawiya tana da nata aikin. Bayan wazifa, muƙaddami ya tunatar da ikhwani su haɗa kuɗin mota da na magani ga wanda ba shi da hali. Hidima ga mai rauni tana daga cikin tarbiyya, kuma babu mai rauni kamar wanda bai iya ko kuka ba tukuna.

Idan an yi duk wannan, abin da Allah Ya hukunta sai a karɓa da yarda. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya babba da ƙarami, albarkacin Salatul Fatihi. Amin.