RUWAN BAƘO: ALHERI, BANGASKIYA DA AYYUKA NAGARI

Karatu: Afisawa 2:1-10, Yakubu 2:14-26
Ayar haddacewa: Afisawa 2:10



Akwai tambayoyi biyu da masu sauraronmu suke yawan aiko mana. Wani yakan ce, "Fasto, in dai ceto kyauta ne, don me zan wahalar da kaina da aikin kirki?" Wani kuma yakan ce, "Fasto, ina azumi, ina ba da zakka, ba na fashin sujada, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Aiki nawa ne zai ishi Allah?" Na farko yana neman ya huta da aiki. Na biyu aiki ya hana shi hutawa. Wataƙila kai ma ɗaya daga cikinsu ne. Kafin mu buɗe Maganar Allah, bari in ba ka labarin abin da ya same ni.

A shekarar 2001, ina saurayi, na shigo Wagadugu daga Nijar ta hanyar Fada Ngurma. Da dare muka iso. Guzurina ya ƙare a hanya, ban san kowa ba, ba na jin Mosanci. Wani a tasha ya ji ina Hausa, ya ce mini, "Tafi Zango, can mutanenka suke." Zango, wadda mutanen gari suke kira Zangwetin, tsohuwar unguwar Hausawa ce a tsakiyar birnin, kusa da babbar kasuwa. Tun zamanin da fatake suke ratsa ƙasar Mosi zuwa Gwanja sayen goro, Hausawa suka sami wurin zama a garin Moro Naba. Sunan ma ya faɗi aikin unguwar: zango wuri ne da ayari yake sauke kaya ya huta.

Na tarar da wani dattijo a kan tabarma a ƙofar zaure. Na yi sallama. Bai tambaye ni sunana ba, bai tambaye ni ɗan wane ne ni ba. Sai ya kira wata yarinya ta kawo mini ruwan gari a ƙwarya, irin wanda Mosawa suke kira zom-kom, wanda ake tarbar baƙo da shi. Na shanye. Kunya ta kama ni, na laluba aljihu na fito da dala ashirin da ta rage mini. Fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Ɗana, mai da kuɗinka. Ruwan baƙo ba na sayarwa ba ne." Na ce, "Baba, ni fa Kirista ne." Shi Musulmi ne, kamar yawancin mutanen unguwar. Ya ce, "Na ji. Ga tabarma can, shiga ka kwanta."

Wata uku na yi a zauren nan. Bayan 'yan kwanaki na soma share ƙofar gida, ina cika randa, ba wanda ya sa ni. Ran nan da tsakar dare na ji ana taɓa ƙafata. Baba ne. Ya ce, "Tashi, ɗana, an yi baƙo. Kawo masa ruwa." A daren nan ni da aka shayar na zama mai shayarwa.

Ɗan'uwa, riƙe wannan jeri da kyau, gama shi ne jerin da ke cikin karatunmu na yau. Da fari an ba ni. Na biyu na miƙa hannu na karɓa. Na uku na tashi na yi wa wani. Alheri, bangaskiya, ayyuka. In ka juya jerin, ka ɓata bishara.

Alheri ne yake fara zuwa

Manzo Bulus bai soma Afisawa sura 2 da abin da muka yi ba. Ya soma da halin da Allah ya same mu a ciki: zunubi ya riga ya kashe mu. Gawa ba ta azumi, ba ta sadaka, ba ta ko neman taimako. Allah ne ya tako zuwa wurinmu saboda yawan jinƙansa. Ma'anar alheri ke nan: tagomashin da Allah ya yi wa wanda bai cancanta ba, wanda kuma ba shi da abin biya.

A nan misalina ya gaza, dole in faɗa. Baba ya karɓi baƙo ne kawai, amma Romawa sura 5 ta nuna mana Allah ya karɓe mu tun muna gāba da shi. Ruwan Baba ɗan gero da sukari ya ci masa. Ceton da Allah ya ba mu jinin Ɗansa ya ci a kan gicciye. A gare mu kyauta ne, amma ba mai araha ba ne. To, in dattijon Zango ya ji zafin dala ashirin ɗina, yaya kake tsammani Allah yake ji sa'ad da muka zo da ɗan azuminmu da ɗan baikonmu muna cewa, "Ga kuɗin jinin Ɗanka"?

Bangaskiya hannu ce mai karɓa

Da na ƙi miƙa hannu, da ruwan yana gabana ƙishi yana kashe ni. Amma ba hannuna ne ya kashe ƙishin ba, ruwan ne. Haka bangaskiya take. Ba wani babban aiki ba ce da Allah yake biyanmu ladansa. Dogara ce ga Yesu da abin da ya gama. Hannu mai rawar jiki ma yana karɓar ƙwarya. Saboda haka kada ka zauna kana auna girman bangaskiyarka. Dubi girman Mai Cetonka.

Ka tuna ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu a Luka sura 23. Hannuwansa a kafe suke, ba zai iya mayar da abin da ya sata ba, ba zai iya zuwa haikali ba. Roƙo ɗaya ya yi, Yesu kuwa ya ba shi tabbacin Firdausi a ranar nan.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga mai neman kwanciyar zuciya. Mu da muka san Zango mun ga yadda aikin hannu yake rushewa. A shekarar 2003, ƙarƙashin shirin gwamnati na sabunta tsakiyar birni da ake kira ZACA, aka rushe Zangwetin da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita. Aka ba masu gidaje filaye a wajajen Waga 2000 da Niyoko. Gidan da mutum ya shekara talatin yana ginawa, katafila ta kwantar da shi kafin azahar. In salamarka da Allah a kan ayyukanka ka gina ta, wata rana katafila za ta zo. Ciwo ne, ko tsufa, ko faɗuwa cikin jaraba.

Na taɓa ziyartar wata tsohuwa a ikilisiyarmu wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Shekara da shekaru ita ce mai share majami'a, ita ce ta fari a zumuntar mata. Ta kama hannuna tana kuka ta ce, "Fasto, yanzu ba na yi wa Allah komai. Anya zai karɓe ni?" Na ce, "Mama, ranar da ya karɓe ki, tsintsiya ya gani a hannunki?" Ta yi shiru, can ta ce, "A'a, hannu wofi na zo." Na ce, "To, wanda ya karɓe ki hannu wofi bai sāke ba." In kai ne mai tambaya ta biyu, amsarka ke nan. Ba adadin aikin da zai isa, Yesu ne ya isa.

Ayyuka su ne shaidar wanda ya sha

Yanzu kai mai tambaya ta farko, matso kusa. Mutane da yawa sukan haddace aya 8 da 9 su tsaya nan. Amma Bulus bai tsaya ba. A aya 10 ya nuna cewa Allah ya sāke ƙera mu cikin Almasihu da nufi, ya kuma riga ya tanada mana aikin kirki da za mu yi. Ba a cece mu saboda ayyuka ba, amma an cece mu domin mu yi su. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sai wanda ya sha alherin Allah yake da ƙarfin ɗebo wa wani.

Waɗansu suna tsammani Bulus da Yakubu suna gardama da juna. Ba haka ba ne. Dukansu biyu Ibrahim suka kawo misali. Bulus, a Romawa 4, ya dubi Farawa 15, inda Ibrahim ya gaskata alkawari Allah ya lasafta shi mai adalci. A lokacin ko Isma'ilu ba a haifa ba, wanda aka haifa Ibrahim yana da shekara 86, kaciya kuwa sai da ya kai 99. Yakubu kuma ya dubi Farawa 22, bayan shekaru masu yawa, inda Ibrahim ya ɗauki Ishaku zuwa dutse. Bulus yana nuna mana saiwa, Yakubu yana nuna mana 'ya'yan itace. Itace ɗaya ne. Bulus yana tsauta wa mai son sayen ceto, Yakubu yana tsauta wa mai bangaskiyar fatar baki.

Ikilisiya ta daɗe tana tsaron wannan jeri. A nan Afirka, a birnin Kartaj, taron shugabannin ikilisiya na shekarar 418 ya ƙi koyarwar Pelagiyus, wanda ya ɗauka mutum zai iya yin biyayya ga Allah da ƙarfin kansa. A 1517 Martin Luta ya tashi a Jamus yana ƙin sayar da takardun gafara. A ranar 31 ga Oktoba 1999 kuma, a birnin Augsburg, wakilan Katolika da na Lutaran suka sa hannu a kan cewa ta alheri kaɗai Allah yake karɓarmu, ta wurin bangaskiya ga Almasihu, Ruhu Mai Tsarki kuma shi ne yake kiranmu yana ba mu ikon yin ayyuka nagari.

Amma ba a takarda ake gwada bangaskiya ba. Ranar 1 ga Satumba 2009, ruwan sama da ya haura milimita 260 ya sauka a Wagadugu cikin sa'o'i kaɗan. Mutane wajen 150,000 abin ya shafa, dubbai suka kwana a makarantu, har babban asibitin Yalgado ruwa ya shiga. A makon nan na ga Kirista iri biyu. Akwai wanda ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Allah ya sawwaƙe, muna yi muku addu'a," ya koma ya kulle. Akwai kuma gwauruwa mai ɗaki biyu da ta kwashe 'ya'yanta zuwa ɗaki ɗaya ta ba maƙwabta ɗayan, ba ta tambayi addininsu ba. Karanta Yakubu 2:15-17 ka gaya mini wanne ne a cikinsu bangaskiyarsa take numfashi.

Baƙi ba su ƙare ba. Rashin zaman lafiya ya raba mutane fiye da miliyan biyu da gidajensu a Burkina Faso, bisa ƙidayar hukuma ta watan Maris 2023. Ba sai ka yi nisa ba kafin ka ga matar da ta baro ƙauyenta da yara, ko saurayin da ya sauka a tasha bai san kowa ba. Kada ka ce ba ka da arziki. A Matiyu 10:42 Yesu ya nuna ko moɗa ɗaya ta ruwan sanyi ba ta ɓacewa a wurinsa. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Bayan an rushe Zango na nemi Baba a sabon filinsa. Ginin bai kai ga rufi ba, amma ga randa a bakin ƙofa da moɗa a kanta. An rushe zaure, halin mai zaure yana nan. Na koma gida ina tambayar kaina: ni da na sha ruwan rai kyauta, ina randata?

Ka tambayi kanka

1. Da me nake dogara in tsaya a gaban Allah, da abin da na yi ko da abin da Yesu ya yi?
2. In na yi aikin kirki ba wanda ya yaba, nakan yi fushi? In haka ne, lada nake nema ko godiya nake yi?
3. Wane baƙo ne Allah ya ajiye a ƙofata a wannan mako, me kuma zan yi masa kafin Lahadi?

In ba ka taɓa karɓar kyautar nan ba, mai da kuɗinka aljihu, ka miƙa hannu yau. In kuwa ka riga ka sha, tashi, ɗan'uwa, tashi, 'yar'uwa. An yi baƙo.

Addu'a

Ya Uba na sama, na gode da ka karɓe ni sa'ad da ba ni da abin biya. Ka gafarta mini girmankan da yake sa in nemi sayen ƙaunarka, da ragwancin da yake sa in rufe ƙofa ga mabukata. Ka kafa zuciyata a kan aikin da Yesu ya gama a gicciye. Ka cika ni da Ruhunka Mai Tsarki, ka buɗe idona in ga aikin da ka tanada mini yau. Cikin sunan Yesu Almasihu na roƙa. Amin.