Masu Shan Tarihi

A shekarar 1899 wani malami a birnin Beijin, Wang Yirong, ya lura da zane a jikin ƙasusuwan da masu magani ke sayarwa da sunan ƙashin dodo. Ashe rubutu ne: tambayoyin sarakunan daular Shang game da damina da yaƙi da haihuwa, waɗanda aka sassaƙa a allon kafaɗar shanu da ƙoƙon kunkuru fiye da shekaru 3,000 da suka shuɗe. A cikinsu masana ke bin sawun haruffan Sin na yau. Kafin a soma haƙa a Anyang a 1928, an daɗe ana daka su, majinyata na sha.

Da farko na ji haushin mutanen nan. Amma ni ma na sha rubutu ina yaro, sai dai abin da aka wanke mini daga allo yana nan a dubban wurare. Nasu kuwa ba shi da na biyu. Ba na ganin laifin mai zazzaɓi, domin gari aka miƙa masa. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne manomin da aka ce yakan ga zanen, ya kankare don ƙashin ya sayu. Shi ya gani. Amma yana da iyali, ni kuwa da cikina a ƙoshe nake yi masa shari'a.