Motar Da Ta Shigo Gidanki, Daga Ina Ta Fito?

 

Idan kika buɗe Suratul Mumtahana kika karanta aya ta 12, za ki ga sharuɗɗan da Allah (SWT) ya umarci Manzonsa ya karɓi mubaya'ar mata a kansu. Na farko barin shirka. Wanda ya biyo shi nan take, kafin ma a ambaci zina, shi ne barin sata. Yawancinmu idan mun zo wannan wuri sai mu wuce da sauri, kowacce tana cewa a ranta, ai ni ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Alhamdu lillahi. Amma 'yar'uwa, satar wannan zamani ba aikin mutum ɗaya ba ce, musamman satar mota da babur da A daidaita sahu, kuma sau da yawa ƙarshenta a ƙofar gidan mutanen kirki take fakawa.

Ɓarawon mota ba don ya hau yake sata ba, don ya sayar ne. Kafin motar ta zama kuɗi sai ta bi ta hannuwa da yawa. Akwai wanda zai ba da kango ko gareji a ɓoye ta, akwai mai walda da zai taɓa lambar jikinta, mai fenti ya sauya mata launi, wani ya buga mata takardu, dillali ya nemo mai saye ya ci la'adarsa. Sai kuma shi mai sayen, wanda ya ga motar miliyan goma ana yi masa tayinta a miliyan biyar, ya ce Allah ne ya kashe ya ba shi. Ya shigo da ita gida da magariba, uwargida ta rangaɗa guɗa, aka yi addu'ar Allah ya tsare, Allah ya sa a kashe lafiya. Babu wanda ya tambayi mai kukan da aka baro a baya. Allah ya hane mu a Suratul Ma'ida aya ta 2 da taimakekeniya a kan zunubi da ta'adi, kuma duk waɗannan hannuwa da na lissafa kowane da kasonsa. Da babu mai saye, da ɓarawo ya nemi wata sana'a.

Abin ma ya wuce cikin gari. A ƙasar Kanada an sace motoci sama da 105,000 a shekarar 2022 kaɗai. Da yawa daga cikin masu tsadar ana cusa su a kwantena, a fitar da su ta tashar jiragen ruwa ta Montreal, wasu su sauka a Afirka ta Yamma, har da Gana da Nijeriya. A watan Satumba na 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka gano su a nan ƙasar. Kin ga ke nan wata motar da ake sha'awa a wurin biki, mai ita yana wata nahiyar yana nemanta.

Na san abin da wasu ke faɗa idan an kawo wannan magana: ai dukiyar Turawa ce, kuma kamfanin inshora ya riga ya biya su. Subhanallah! Wa ya ba da wannan fatawa? Mugira ɗan Shu'uba (RA) kafin ya musulunta ya yi tafiya da wasu mutane, ya yaudare su, ya kashe su, ya kwashe dukiyarsu, sannan ya zo Madina ya karɓi Musulunci. Manzon Allah (SAW) ya karɓi musuluntarsa, amma ya barranta daga dukiyar, alhali masu ita mushirikai ne. Labarin yana cikin Bukhari, a ƙissar Hudaibiyya. Kuma a lokacin hijira, mutanen da suka shirya kashe shi su ne dai masu ajiya a wurinsa, sai ya bar Sayyadina Ali (RA) a Makka don ya mayar wa kowa da kayansa. Idan kamfani ya biya mai mota, haƙƙin ya koma kan kamfanin ne kawai, bai zama halal ga ɓarawo ko mai saye ba.

To mene ne hukuncin wanda ya saya? Idan ya sani, ko alamu sun bayyana ya runtse ido, ya yi tarayya a cikin zunubi, kuma cinikin ɓatacce ne, domin mai sayarwar ya sayar da abin da bai mallaka ba. Idan kuwa bai sani ba, babu zunubi a kansa, amma duk da haka motar ba tasa ba ce. Malaman fiƙihu sun yi wa wannan babi guda, babin istihƙaƙi: duk ranar da mai kaya ya zo da hujja, zai karɓi kayansa, shi kuma mai saye ya bi wanda ya sayar masa ya karɓo kuɗinsa. Wanda ya sayar ɗin fa? Lambar wayarsa ta daina shiga tun ranar da aka biya shi. Dokar ƙasa ma ba ta kyale ba, karɓar kayan sata da saninka laifi ne mai hukuncin ɗauri a kundin Penal Code. Gidaje nawa ne aka wayi gari babu mota, babu kuɗi, maigida kuma yana bayan kanta?

Saboda haka idan maigida ko ɗanki ko ƙaninki ya zo da maganar sayen mota, ko ke da kanki kika tara kuɗin adashe za ki sayi Keke ki ba da haya, ga abin da ya kamata ki sani. Kowace mota tana da lambar jikinta, wadda kanikawa ke kira lambar shasi. Tun daga 1981 aka daidaita ta a kan haruffa da alƙaluma 17, kuma ba a sa haruffan I da O da Q a ciki don kada a rikita su da 1 da 0. Ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin ginshiƙin ƙofa, a kuma buge take a ƙarfen motar. Dole ne duka su zo ɗaya, su kuma dace da abin da ke cikin takardar kwastan da takardar mallaka. Dabarar ɓarayi ita ce su sami motar da ta yi mummunan haɗari ta mutu, iri ɗaya da wadda suka sata, su yanko lambarta su liƙa wa ta satar, sai ta tashi da takardun matacciya. Shi ya sa ake son bakanike amintacce, naku ba na dillali ba, ya duba ko akwai sabon walda ko sabon fenti ko alamar goge a kewayen lambar. Bayan haka a kai lambar a tantance a wurin kwastan da hukumar kiyaye haɗurra da rajistar motoci ta 'yan sanda, wadda ake kira CMR. 'Yan sandan duniya na Interpol ma suna da rumbun bayanan motocin sata da ƙasashe ke zubawa a ciki. Sannan a ga mai motar ido da ido da katin shaidarsa, a rubuta yarjejeniya, a sa shaidu, a biya ta banki. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma a cikinta aka yi umarni da kafa shaida idan an yi ciniki. Duk mai sayarwar da ya ce sauri yake yi, ko makulli ɗaya ne, ko takardu suna wurin yayansa a wani gari, a bar masa kayansa. Arha ba ta ado.

Ba kuma sai mota sukutum ba. Da yawa ana farfasa su ne a sayar gunduwa-gunduwa, batir, madubi, fitila, inji. Uwa, idan yaronki da ba shi da sana'a ya fara shigo da irin waɗannan yana turawa ƙarƙashin gado, ko ya zo da babur ya ce na abokinsa ne a ajiye masa kwana biyu a soro, kada ki ce ba ruwanki, kada kuma tausayi ya sa ki rufa masa. Matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, danginta sun turo Usama ɗan Zaidu (RA) ya yi ceto, fuskar Annabi (SAW) ta sauya, ya yi huɗuba, har ya ambaci 'yarsa Fatima (RA) don a san babu ɗan gata a wannan babi. Gara ki tsawata masa yau yana ɗakinki.

Sai maganar inshora, wadda ita ce mutanen kirki suka fi zamewa a cikinta, don ba su ɗauke ta sata ba. Gaskiya ne malamai sun yi magana a kan inshorar kasuwanci. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce akwai garari mai yawa a cikinta, ta kuma halatta ta taimakon juna, wato takaful. Kamfanin farko na irin wannan an kafa shi ne a Sudan a 1979, a nan Nijeriya kuma hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, yanzu akwai kamfanonin da ke yin ta. Amma saɓanin malamai a kan shiga inshora daban, yi wa kamfani ƙarya daban. Babu malamin da ya halatta na biyun.

Ga yadda ake yi. Mutum bashi ya yi masa katutu, sai ya tura motarsa ƙetaren iyaka a sayar, ya dawo ya je caji ofis ya ce an sace. Wani ya cinna mata wuta ya ce waya ce ta haɗu. Wani sai bayan ya yi haɗari zai je ya yanki inshora, a mayar masa da kwanan wata baya. Wanda ya fi yawa shi ne a haɗa baki da bakanike, gyaran dubu ɗari biyu a rubuta dubu ɗari biyar a raba. Duk wannan cin dukiyar mutane ne da ƙarya, wanda aya ta 188 a Baƙara ta hana, kuma ayar ta ambaci kai magana gaban mahukunta don a cinye haƙƙin wani ana sane. A takaful abin ya fi muni, domin asusun na mahalarta ne, wato kuɗin 'yan'uwanki Musulmi da suka zuba don a agaza wa wanda masifa ta same shi da gaske.

Masu bincike na kamfanoni ba barci suke yi ba. Za su nemi rahoton 'yan sanda da takardun asali da makullai duka biyu, su tambayi inda aka ajiye motar da wanda ya gan ta ƙarshe, su duba ko an yi inshorar ne dab da ɓatan, su bi bayanan na'urar bibiya idan akwai. Kuma za su iya zuwa gida su tambaye ki. A nan ne jarrabawarki take, 'yar'uwa. Maigida ya ce idan sun zo ki ce da asuba muka tashi muka ga babu ita. Ki tuna hadisin Abu Bakrata (RA): Annabi (SAW) yana kishingiɗe yana lissafa manyan zunubai, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru don tausaya masa. Biyayyar miji ba ta kai nan ba. Ki faɗa masa da ladabi, a keɓe, tun kafin su zo, cewa bakinki ba zai iya ba. Ko da an ci nasara an biya, uwarmu Ummu Salama (RA) ta ruwaito cewa wanda ya fi abokin shari'arsa iya magana har aka yanke masa abin da ba nasa ba, to guntun wuta aka yanka masa. Da wannan kuɗin za a yi cefane a ciyar da 'ya'yanki?

Akwai kuma inda mu ake cuta. Inshorar dole, wadda ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, dokarta ta samo asali tun 1945. A Janairun 2023 aka ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, diyyar ɓarnar dukiya kuma ta koma har naira miliyan 3, sannan a Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara tsananta bincikenta a kan hanya. Masu buga ta jabu suna nan suna shawagi a bakin ofisoshin lasin, su karɓi kuɗi kaɗan su ba da takardar da babu kamfani a bayanta. Ana iya duba sahihancinta da lambar mota a rumbun bayanan kamfanonin inshora da ake kira NIID. A kuma sani, wannan ta dole ba ta biyan satar mota, sai an yanki mai faɗi wadda ta haɗa da sata da gobara.

Tsaron abin hawa kuwa ba ya karo da tawakkali, tunda wanda ya tambaya ko ya saki raƙumarsa an ce masa ya ɗaure ta tukuna. A kulle sitiyari, a sa na'urar bibiya idan da hali, kada a bar takardun asali a cikin mota, kada a bar inji a kunne don za a shiga shago minti biyu. Idan da makami aka zo, a ba su, rai ya fi. In an sace, caji ofis da kamfanin inshora za a fara zuwa a ranar, ba gidan boka ko mai duba ba, wanda zai haɗa ki gaba da maƙwabta ya kuma taɓa miki imani. Idan aka kama wanda ake zargi, a miƙa shi ga hukuma. Haddi aikin alƙali ne bayan hujja ta tabbata, taron jama'a da taya da fetur ba su da wannan hurumi.

Wadda kuma ta karanta wannan gabanta ya faɗi don ta san akwai irin wannan dukiya a gidanta, ƙofar tuba a buɗe take, sai dai haƙƙin bawa ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai. Motar a nemi lauya ko wani dattijo mai mutunci a kai rahotonta ga hukuma don a nemo mai ita. Kuɗin inshora a mayar wa kamfanin, ko da kaɗan-kaɗan ne, ko ta hannun wani idan ana jin tsoron tonon asiri. Ba a gina masallaci da shi, ba a zuwa Umara da shi, matuƙar an san mai shi kuma ana iya kai masa. Sai an yi iyakar nema an rasa shi da magadansa ne malamai suka ce a yi sadaka da shi da niyyar ladan ya je gare shi.