Agola a gidan Ma'aiki



Ya ƴan uwa, akwai abin da ke faruwa cikin gidajenmu wanda ba mu so a taɓo. Aure ya mutu, miji ya ce ranar yaye zai ɗauke ɗansa, alhali ba shi da mai riƙo, so yake kawai ya ƙona zuciyar uwar. A je gaban mai gari, a je gaban alƙali, yaro na tsaye yana saurare. Wani lokacin uban nan shi ke fara shimfiɗa tabarma wajen wazifa.

Risala da muke karantawa a zaure ta riga ta yanke. Bayan saki, riƙo na uwa ne har namiji ya balaga, mace kuma har ta shiga ɗakin miji. In uwar ta yi wani aure, kakar yaro ta wajen uwa ce ke biye, sannan ƴar uwar uwa. Ci da sutura kuwa suna kan uba ko ina yaron yake. Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya tarar da ɗansa Asim yana wasa a Ƙuba, ya ɗora shi bisa dabbarsa. Kakar yaron ta tare shi, suka kai magana ga Sayyidina Abubakar, ya ce a bar mata. Umar, da duk zafinsa, bai ƙara kalma ba.

Sai agola, wanda ya biyo uwarsa gidanka. Shari'a ba ta wajabta maka ciyar da shi ba, gaskiya ne. To amma wa muke koyi da shi? Manzon Allah (SAW) ya auri Ummu Salama da marayunta. Ɗanta Umar ya ba da labarin yana yaro hannunsa na yawo cikin akushi, Ma'aiki ya koya masa ya ambaci Allah, ya ci da dama, ya ci na gabansa. Ku lura, akushi guda suke ci. Mu kuwa, sau nawa ake zuba wa agola a gefe, a saya wa ƴaƴan gida kayan salla shi a ce ubansa ya aiko, a kai su lakwal shi a tura shi kiwo?

Kuma siffar Ma'aiki da ke sa mu hawaye a watan Mauludi, ɗaya daga cikin mafi cikar riwayoyinta daga Hindu ɗan Abu Hala ta zo. Ɗan Nana Khadija ne daga mijinta na baya. A ɗakin ya tashi, ya kalli fuskar da tafiyar da murmushin har ya haddace, kuma shi Sayyidina Hasan ya je ya tambaya yadda kakansa yake.