Hukuncin Cin Abinci a Gidan Abincin Italiyawa a Yankin Washington

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina zaune da iyalina a Silver Spring ta jihar Maryland, ina aiki a cikin birnin Washington. A unguwarmu akwai wani ƙaramin gidan abincin Italiyawa, yara suna son taliyarsu da fizarsu, abokan aiki ma sukan gayyace ni can. To amma suna sayar da giya, kuma akwai naman alade a cikin abincinsu. Wani ɗan'uwa ya ce mini ko shiga wurin haramun ne. Wani kuma ya ce Italiyawa Kiristoci ne, Ahlul Kitabi, in yi Bismilla in ci duk abin da ba alade ba, domin yawan tambaya tsanani ne a addini. Maganar wa zan kama?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, tsira da amincinsa su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ɗan'uwa, kowanne daga cikin mutanen nan biyu ya riƙe wani yanki na gaskiya ya saki sauran. Cin abinci a wannan gida ya halatta, hukunci kuma yana bin abin da aka zuba maka a faranti da abin da aka ajiye a kan teburinka. Tambaya tana wajaba a inda al'adar girkin mutanen ta fi rinjaya ga cuɗa haram da halas, a sauran wurare kuwa wahalar da kai ce kawai.

Dalilin halaccin shiga a fili yake. Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya amsa gayyatar Bayahude ya ci gurasar sha'ir a wurinsa, kamar yadda Imam Ahmad ya ruwaito daga Anas, kuma ya rasu sulkensa yana jingine a hannun wani Bayahude saboda hatsin da ya karɓa wa iyalinsa, wannan yana cikin Bukhari. Mutanen da ya yi wannan ma'amala da su ba su rasa haram a dukiyarsu ba, amma hakan bai hana shi sayen halas a hannunsu ba. Saboda haka wanda ya ce kuɗinka yana ƙarfafa mai sayar da giya, sai a ce masa kuɗin taliya ka biya, taliya ka karɓa. Da wannan hujja tasa za ta tsaya, da babu wani babban kanti a Maryland ko Virginia da Musulmi zai sayi shinkafa a cikinsa, tunda da wuya ka sami wanda babu alade a firjinsa. Abin da ya fita daga wannan halacci shi ne wurin da aka gina domin shan giya, abinci kuwa ɗan rakiya ne. Wannan mashaya ce ko da wane suna aka rubuta a ƙofarta.

Maganar ɗan'uwanka na biyu ita ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta, domin tana da tushe. A cikin Muwaɗɗa an ruwaito cewa Sayyidina Umar da Amru ɗan Asi sun iso wani tafki, Amru ya tambayi mai tafkin ko namun daji suna sha a ciki, Umar ya hana shi ba da amsa. A Bukhari kuma Nana A'isha ta ba da labarin mutanen da ake kawo musu nama ba su sani ba ko an ambaci sunan Allah wajen yanka, sai aka umarce su su ambata su ci. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai ruwan tafki asalinsa tsarki ne, kuma mafi yawan lokaci a kan tsarkin yake. Masu kawo naman kuwa Musulmi ne sababbin shiga, ana kyautata musu zato. Imam Ƙarafi, wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya bayyana a littafinsa Alfuruƙ cewa idan abin da ya fi yawan faruwa ya ci karo da wanda ba safai ba, ƙa'ida ita ce a yi hukunci da mai rinjaye, sai a wuraren da shari'a ta keɓe. Shi ya sa da Abu Sa'alaba Alkhushani ya faɗa wa Annabi cewa maƙwabtansu Ahlul Kitabi suna dafa alade a tukwanensu suna shan giya a ƙorensu, kamar yadda ya zo a ruwayar Abu Dawuda, ba a ce masa ya rufe ido ba. An ce in akwai wasu kwanukan ya yi amfani da su, in babu ya wanke ya ci. Sanin al'adar mutane shi ya canza amsar.

To mene ne mai rinjaye a kicin ɗin Italiyawa? Alade a wurinsu yana ɓuya da sunaye iri-iri waɗanda baƙo ba zai gane ba. Prosciutto cinyar alade ce da aka busar da gishiri, pancetta naman cikinsa ne, guanciale kumatunsa, salami da pepperoni kuma da wuya a raba su da shi. Taliyar carbonara da ta amatriciana da kitsensa ake fara suyarsu. Miyar bolognese, wadda mutum zai ɗauka niƙaƙƙen naman shanu ce zalla, sau da yawa ana haɗa ta da alade a zuba mata giyar inabi, haka ma dunƙulen naman da suke ɗorawa kan taliya. Ko miyar ganye ta minestrone wani kuku yakan soma ta da ɗan pancetta don ƙamshi. Aya ta 5 a Suratul Ma'ida da ta halatta abincin Ahlul Kitabi ba ta goge aya ta 3 da ta haramta alade da mushe ba. Wanda ya ce zai tsince pepperoni daga kan fiza ya ci sauran, ya sani kitsen ya riga ya narke cikin cukun tun a tanda. Rangwamen da ya zo game da ɓeran da ya mutu a cikin man shanu, cewa a ɗebe shi da kewayensa, malamanmu sun ɗora shi a kan daskararren mai ne.

Giya ta fi alade iya ɓuya, kuma a nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi zamewa. Kazar marsala sunan giyar Sisili ta ɗauka, piccata da shinkafar risotto da farar giya aka saba yin su, akwai taliyar da sunan vodka ma yake jikinta, tiramisu kuwa ko wuta ba ya gani bayan an zuba masa abin da za a zuba. Za ka ji ana cewa ai barasar tana ƙonewa a wuta. Jadawalin Ma'aikatar Noma ta Amurka, wanda aka gina a kan wani bincike na 1992, ya nuna cewa bayan minti 15 ana dahuwa kusan kashi 40 cikin ɗari na barasar yana nan, bayan awa guda kashi 25, sai an kai awa biyu da rabi kafin ya sauko zuwa kashi 5. Miyar da kuku yake haɗawa a kasko kana zaune kana jira ba ta kai ko kusa da haka. Ko da ma ta ƙone ƙurmus, a mazhabarmu ta Malikiyya giya najasa ce, Shehu Khalil kuma ya tabbatar a Mukhtasar cewa naman da aka dafa da najasa ba ya tsarkakuwa. Wani zai kawo cewa Rabi'a, malamin Imam Malik, da Laisu ɗan Sa'ad suna ganin giya ba najasa ba ce. Haka ne, amma saɓaninsu a kan tufar da ta ɗiga wa ne, babu ɗayansu da ya halatta haɗiye ta. Ƙa'idar narkewar ƙanƙanin abu cikin mai yawa ma ba ta aiki a nan, domin sharaɗinta shi ne ɗanɗano da ƙamshi su ɓace, shi kuwa kuku don ɗanɗanon ya zuba. Ruwan khal dabam ne, har da balsamic na Modena, domin giyar da ta rikiɗe ta zama khal ta tsarkaka a mashahurin zancen mazhaba, sai ka zuba a salak ɗinka ba tare da wasiwasi ba.

Saura naman shanu da na kaza. Addinin mai gidan abincin ba shi da tasiri a nan, domin ba shi ya yanka ba, daga dillalai yake sayowa, su kuma daga manyan mayanka. Nama kuma ya saɓa wa sauran abinci: asalinsa hani ne har sai yanka ya tabbata, dalili kuwa hadisin Adiyyu ɗan Hatimu, wanda aka hana shi cin farauta idan ya tarar da wani kare tare da nasa. In aka bi ƙa'idar rinjaye, mahaucin ba shi ne matsalar ba, tunda binciken cibiyar Pew na 2023 zuwa 2024 ya nuna kashi 62 cikin ɗari na manyan Amurkawa Kiristoci ne. Matsalar tana ga yadda ake yankan. Dokar yanka ta Amurka ta 1958, wadda aka faɗaɗa a 1978, ta wajabta sumar da shanu da tumaki kafin wuƙa, sai yankan addini da ta keɓe, shanu kuma galibi da bindiga mai ƙarfen da ke huda ƙoƙon kai ake sumar da su. A wurin Malikawa dabbar da aka riga aka illata mata ɗaya daga cikin makasanta, kamar tarwatsa ƙwaƙwalwa ko tsinka lakar baya, yanka ba ya amfaninta ko da tana shure-shure. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1997 ta hana amfani da wannan bindiga. Masu halattawa suna dogaro da Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, wanda ya rasu a 543, da ya ce a Ahkamul Ƙur'an a ci kazar da Banasare ya murɗe wa wuya tunda abincinsa ne, kuma a kansa Shehu Yusuf Ƙardawi ya gina fatawarsa. Malami ne babba, amma jama'ar mazhaba ba su bi shi a wannan ba, kuma ba ya yiwuwa abin da zai zama mushe a hannun Musulmi ya zama halas a hannun waninsa. Kaza ta fi sauƙi, domin ruwan lantarki ake ratsa ta da shi sannan a yanke wuyan, ba na zargin wanda ya ci bisa fatawar malamin da ya yarda da shi. Amma kai da kake zaune inda mahautan halal suka yawaita, daga kewayen masallacin Darul Hijra a Falls Church har zuwa garuruwan Maryland, babu lalurar da za ka kafa hujja da ita. Ka bar nasu naman da romonsa sai in sun tabbatar maka daga mayankar halal yake.

Kada wannan ya sa ka zaci an rufe maka ƙofa. Teku a buɗe take: aya ta 96 a Ma'ida da hadisin Abu Huraira a Muwaɗɗa sun sa Malikawa suna halatta kifi da jatan lande da ƙaguwa da sauran masu ɓawo, ko da abokinka Bahanafe daga Pakistan ya tsaya a kifi kawai, kowa da hujjarsa. Taliya da tumatir da tafarnuwa da man zaitun halas ce, haka fizar margherita. Cuku ne kaɗai yake da tsohuwar magana. Fulaninmu da tumfafiya suke daskarar da nono, amma Parmigiano Reggiano dokarsa ta wajabta sinadarin tumbin ɗan maraƙi, Pecorino Romano kuma na ɗan rago. Abubakar Ɗurɗushi, wanda ya rasu a Iskandariyya a 520, malamin shi Ibnul Arabin ne, ya rubuta risala sukutum yana haramta cukun Rumawa, ka ga malami ya tsananta a cuku ɗalibinsa ya sassauta a kaza. Abin da nake rinjayarwa shi ne halacci, bin Abu Hanifa da zaɓin Ibnu Taimiyya, domin an kawo wa Annabi cuku a Tabuka ya yi Bismilla ya yanka bai bincika ba, sahabbai kuma sun ci cukun Majusawa a Iraƙi. Ga shi kuma mafi yawan cukun masana'antun Amurka yanzu da sinadarin da ba na tumbin dabba ba ake yin sa, tun bayan da hukumar abinci ta ƙasar ta amince da shi a 1990. Wanda ya bar Parmigiano don tsantseni ya kyauta, amma kada ya ɗora wa iyalinsa.

Tambayarka ga mai kawo abinci ba ta wuce abu uku ba: akwai alade ko kitsensa, an zuba giya, da romon me aka dafa. Mutanen ƙasar sun saba da irin wannan tambaya saboda masu cutar da wani abinci yake tayar musu, ba wanda zai kalle ka. Amsarsa ta ishe ka ko ba Musulmi ba ne, matuƙar ba ka ga alamar ƙarya ko rashin sani ba. Ka roƙa a yanka fizarka da wankakkiyar wuƙa ko a kawo ta ba a yanka ba. Faranti da cokali wankakku ne, babu buƙatar leƙa kicin ko tambayar abin da aka gasa a tandar jiya.

Batun tebur ya fi tsauri. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir hanin mai imani zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma hanin a kan tebur ya zo, bai haɗa da duk ɗakin ba. Idan kai da iyalinka ne, ku zaɓi kujera nesa da kantar giya, a ɗauke kofunanta daga gabanku. Idan abokan aiki ne, ka sanar da su tun kafin ranar, ko ka nemi a mayar da haɗuwar ta rana, lokacin da sha ya fi ƙaranci. In kwalba ta iso ba da saninka ba, kuma tashi zai jawo maka cutarwa ta gaske a wurin aiki, ka ƙi abin a zuciyarka, ka taƙaita zama, kada ya zama ɗabi'a. Abin da babu rangwame a cikinsa shi ne ka miƙa kwalbar, ko ka zuba wa wani, ko kuɗinka ya shiga farashinta, domin hadisin Anas ya ambaci mai saye da mai shayarwa da mai ɗauka cikin mutum goma da aka la'anta a kanta. Saboda haka in an ce a raba kuɗi daidai, kai ka nemi a fitar maka da takardar naka dabam, ihsanin da aka saba bar wa ma'aikaci kuma ka lissafa shi a kan abin da ka ci.

Wallahu a'alamu.