Tsakanin Laya Da Igiya: Wace Ce Ke Fid Da Namiji Daga Daji?

A shekarar 1974 waɗansu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Wasan kamar tatsuniya yake, amma wadda ake haɗuwa a ƙaga. Mutum ɗaya ne ke ba da labari, sauran kuwa kowa ya ɗauki matsayin jarumi guda, ya riƙa faɗin abin da zai aikata in an shiga kogon dodanni, sannan a jefa ƙwaya irin ta lido a ga ko ya dace. Kafin a tashi akan ba kowane jarumi kuɗi ya yi sayayya. Ban da takobi da sulke, akwai igiya mai ƙafa 50, da sanda mai ƙafa 10, da turakun ƙarfe 12, da buhu, da salka, da ɗan madubi. Waɗanda suka daɗe a wasan sun shaida cewa sau da yawa tarkacen nan ne ke ceton rai. Da sanda ake dungurin ƙasa kada a rufta rami, da turke ake tokare ƙofa, da madubi ake leƙen lungu. In kuwa abokin gaba ya ɓace wa gani, sai a watsa gari a ƙasa, sawunsa ya tona masa asiri.

Wannan dabara ta gari ita ta ja hankalina, domin kuwa ɓacewar nan mun san ta, ita ce layar zana. Ashe ke nan abin da boka ya karɓi baƙin bunsuru kafin ya haɗa, ɗan garin da ke cikin ƙwaryar uwargida yana iya karya shi. To, abin tambaya a nan shi ne, tsakanin asiri da kayan banza-banza, wanne ya fi cancanta mutum ya shiga daji da shi?

Mu a ƙasar Rano da Kibiya ba sai mun je Amurka neman amsa ba. Da an kawar da amfanin gona, mafarauta kan yi gayya su nufi duwatsu irin na Rurum da dazuzzukan kudu. Duk wanda ya ga fitarsu, abin da zai fara ɗaukar idonsa shi ne layu da guraye da kambuna: wannan na kau-da-bara, wancan na sagau, ga kuma tauri da aka sha tun ana yaro. Amma mai karatu ya daure ya buɗe burgamin tsohon maharbi. Zai tarar da ƙyastu da 'yar auduga, ko ashana a zamanin yanzu, da igiyar rama, da allura, da 'yar wuƙa, da ƙullin gishiri. A hannunsa ga gora, a kafaɗa ga goran ruwa.

Bambancin da na gani shi ne, kowace laya aikinta ɗaya ne tak, kuma ba mai ita ne ya yanke aikin ba, wanda ya rubuta ne. Kau-da-bara ba ta maganin ƙishirwa. Har ma mutane kan ce ɗan tauri da wuƙa ba ta cinsa, kulki na fasa masa kai, sillen kara kuma na yankarsa. Igiya kuwa ba wanda ya ƙayyade mata aiki. Yau ita ce tarko, gobe ita za a zura a ciro wanda ya faɗa tsaga, jibi a ɗaure karaya da ita. Gora makami ce, ma'aunin zurfin rafi ce, kuma ita ake fara turawa cikin rami kafin hannu, saboda kububuwa. Ƙyastu na gasa nama, hayaƙinsa kuma shi ke fito da gafiya. Ko rawanin matafiyi haka yake: inuwa ne, igiyar guga ne in ta yi gajarta, matacin ruwa ne, in ta Allah ta kasance kuma likkafani ne. Kada a raina maganar tata ɗin nan. Tace ruwa da ƙyalle na cikin manyan abubuwan da suka kawar da kurkunu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijeriya ta rabu da shi, bayan kaka da kakanni sun sha tsimi da turare a kansa.

Watau dai mai laya ya ba wani ajiyar hankalinsa, mai igiya kuwa dole ya tafi da nasa. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Igiya a hannun wawa nauyi ce kawai.

Wani zai ce na yi wa laya rashin adalci, kuma yana da hujja. Kogon da ake jin gurnani a ciki, igiya ba ta sa mutum ya shiga, zuciya ce ke sa shi, kuma mazaje da yawa daga damtsensu suke samo zuciyar nan. Na yarda. Sai dai ƙarfin halin da aka aro yakan hana mutum dungurin ƙasa. Wanda ya tabbata ƙarfe ba ya cinsa shi ne ke zura hannu a rami, don yana ganin taka-tsantsan aikin ragwaye ne. Tsohon da ya yi damina 40 yana farauta, in ka lura, layunsa na jikinsa, amma bai taɓa manta goran ruwa ba.

Akwai kuma wani gefe da ya fi damuna, wato na yabo. Tarihin Kano ya adana mana cewa Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Wanda ya tufka igiyar da aka ɗaure lifidin, da wanda ya bi rundunar da salka, ba su sami ko layi ɗaya ba. Mu ma ɗaliban Hausa haka muke. In aka ba mu aikin bincike kan farauta, kirari da sunayen asirai muke cika takarda da su, mu bar burgami a rufe, alhali masu iya tayar da wuta da ƙyastu ƙarewa suke yi. A wasan Amurkawan nan ma akwai ɗan haya mai riƙe wa jarumai fitila da buhu, ladansa 'yan kuɗi kaɗan, in an sami dukiya ba ya cikin rabo. A gayyar farauta kuwa, in zomo ya faɗi, gardama kan tashi tsakanin wanda ya fara jifa da wanda karensa ya kama, wani lokaci har a zare barandami. Yaron da ya wuni yana binsu da goran ruwa yana gefe a tsaye, ba mai tambayarsa.