Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

Ka san irin hirar da abokai ke yi bayan cin tuwon dare, musamman da damina. Wannan ya ce soronsa ya yi yoyo har sun kwana suna tara kwanuka. Wancan ya ce gara ta cinye masa azara. Wani ya ce ya ba magini kuɗin siminti buhu goma, aka yi masa aikin buhu shida, ga katanga ta tsage tun ba a yi wata uku ba. Kowa ya sa baki, a la'anci maginin, a ce mutanen yanzu ba amana. Can kuma hira ta juya zuwa wasan kwaikwayon da aka ji a rediyo, ko fim ɗin da aka kalla. Sai ka ji wanda ya gama zagin magini yana cewa, "Ni fa mugun nan tausayi yake ba ni. Ka ga yadda kishiyar uwarsa ta wahalshe shi yana yaro?"

Baki ɗaya ne ya faɗi maganganun nan biyu, a zama ɗaya. Mugun cikin wasa ya raba aure, ya cinye gādon marayu, amma ya sami tausayi. Maginin unguwa ya rage siminti buhu huɗu, bai sami ko a tambayi dalilinsa ba. Me ya sa haka? Kuma wanne ne daidai, tausayin ko fushin?

Tun muna yara aka saba mana da son mai laifi na cikin labari. Gizo maƙaryaci ne, mai haɗama, yakan cuci Ƙoƙi matarsa, ya yaudari kura da giwa. Duk da haka yara sukan so shi, domin ƙarami ne a tsakanin manyan dawa, yunwa kuma ba ta rabuwa da gidansa. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya san yadda Malam Zurƙe ke shiga ran mai karatu duk da makircinsa. Waɗanda suka yi makarantar Faransanci kuwa sun san Javert, ɗan sandan cikin littafin Les Misérables na Victor Hugo, wanda ya fito a 1862. Shekara da shekaru yana farautar Jean Valjean, mutumin da ya yi shekara 19 a ɗaure a kan satar burodi da ƙoƙarin tserewa. Amma marubucin ya gaya mana cewa a cikin kurkuku aka haifi Javert, ya tashi yana ƙyamar asalinsa, ya riƙe doka kamar ita kaɗai ce za ta wanke shi. Ranar da Valjean ya sami damar kashe shi ya bar shi da rai, Javert ya rasa inda zai sa wannan alheri, ya faɗa kogi. Da wuya ka kai wurin nan ba ka ji tausayinsa ba.

Dalilin tausayin nan biyu ne. Na farko, mai ba da labari yakan shigar da kai cikin ɗakin mugun. Ka ga yarintarsa, ka ji tsoronsa, ka san abin da yake tunani da dare. Magini kuwa, tsagewar katanga kaɗai ka gani. Ba ka sani ba ko matarsa na kwance a asibiti, ko wani mai gida ya hana shi kuɗin aikin wata biyu, ko kuwa yaran aikinsa ne suka karkatar da simintin. Na biyu, mugun cikin labari bai taɓa aljihunka ba. Tausayin da ba ya cin maka ko dala yana da sauƙin bayarwa. Jinƙai na gaske yakan fara ne inda asarar taka ce.

Gyaran gida da kansa yana da abin da zai koya mana a nan. Ginin ƙasa ba ya faɗuwa rana ɗaya. Indararo ya toshe da ganye, ruwa ya kwanta a kan soro, ya ratsa ƙasar, ya jiƙa azara. An tsallake yaɓe shekara ɗaya ko biyu, ruwa ya riƙa zaizayar gindin bango. A daminar 2024, wadda ta yi ɓarna ƙwarai a Nijar, mutane fiye da 300 suka rasu, dubban gidaje suka rushe, har tsohon masallacin birnin Zinder, ginin ƙasa na ƙarni na 19, ya zube a watan Satumba. Ba ko'ina ne laifin mutum ba. Wani ruwan ya fi ƙarfin kowane bango. Amma maginin kirki in ka kira shi, ba ya tsayawa yana zagin bango. Yakan hau sama ya nemi inda ruwa ke shiga. Neman dalilin kuwa ba ya sa ya ce maka bangon lafiya lau yake. Bangon ya tsage, kuma in ba a gyara ba zai faɗa wa yara.

Haka yake da ɗan Adam. Sanin abin da ya kai mutum ga laifi abu ne dabam, wanke shi daga laifin kuma abu ne dabam. Mutane da yawa sukan haɗa su. Wani yana tsoron in ya saurari dalilin wanda ya cuce shi, kamar ya yarda da cutar ke nan, don haka sai ya toshe kunne. Wani kuma da zarar ya ji labarin wahalar mai laifi, sai ya manta da wanda aka zalunta. Dukansu biyu sun kauce. Tatsuniya ma ta fi mu hikima a nan: takan bar mu mu yi dariyar wayon Gizo, amma sau da yawa takan ƙare da shi ya sha dūka ko ya ruga da kunya. Marayun da mugun fim ya cinye wa gādo suna nan da yunwarsu, ko da kishiyar uwarsa ta wahalshe shi.

Akwai mutum ɗaya da kowannenmu ya san labarinsa daga farko har ƙarshe, yake kuma yi masa uzuri kullum. Wannan mutum shi ne kai kanka. In ka yi jinkirin biyan bashi, ka san dalili: albashi bai shigo ba, yaro ya yi zazzaɓi. In wani ya yi maka jinkiri, macuci ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Annabi Natan ya san wannan hali sarai, shi ya sa da Ubangiji ya aike shi wurin sarki Dawuda bayan ya ɗauki matar Uriya ya kuma sa aka kashe shi a yaƙi, bai fara da zargi ba. Labari ya ba shi, kamar yadda yake a 2 Sama'ila sura 12: wani mai arziki mai garkuna ya yi baƙo, ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta matalauci ya yanka. Dawuda ya husata, ya yanke cewa mutumin ya cancanci mutuwa, kuma sai ya biya ninki huɗu. Sai Natan ya nuna masa cewa shi ne mutumin. Sarkin da ya daɗe yana yi wa kansa uzuri ya gane laifinsa nan take da aka sa masa rigar wani. Labari yana iya koya mana tausayi, yana kuma iya tona mu.

To, ina wurin aboki a cikin wannan duka? Faɗa wa abokai damuwarka abu ne mai kyau. Wanda ya haɗiye damuwarsa shi kaɗai yakan yi ciwo, manzo Bulus kuma ya gargaɗi Galatiyawa a sura 6 su riƙa ɗaukar wa juna kaya. Sai dai ka duba abin da abokanka ke yi da kayan da ka sauke a gabansu, da abin da kai kake yi da nasu. Abokan Ayuba uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai, dare da rana, ba wanda ya ce uffan. Wannan shi ne mafi kyawun abin da suka yi masa. Da suka buɗe baki, sai suka shiga neman mai laifi, suka ɗora wa Ayuba. Hirarmu takan bi wannan hanya. Mutum ya zo da kukan yoyon ɗaki, kafin a tashi an mai da magini ɓarawon gari, ɗakin kuwa yana nan yana yoyo. Gobe wani ya fasa ba shi aiki saboda abin da aka faɗa a bakin ƙofarka. Buhu huɗu ya ci maka, kai kuma ka ci masa abincin iyalinsa na shekara.

Aboki nagari yakan saurara har ka gama. Ba ya ce maka ai naka ƙarami ne, kai dai ka ji nawa. Daga nan yakan tambaya, "Ka je ka same shi kun yi magana?" Wani lokaci kuma yakan ce, "Ranar Asabar muna zuwa da yara mu kwaɓa ƙasa." Kakanninmu sun san wannan, shi ya sa suke gayya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada ka ɗauka ana ce maka ka bar hakkinka. Ka je wurin maginin, ka nuna masa tsagar, ka nemi ya gyara ko ya mayar da kuɗi. In ya ƙi, ka tafi da dattijo ɗaya ko biyu. In ta tabbata halinsa ne, ka gargaɗi wanda ya tambaye ka, da gaskiya, ba da ƙari ba. Amma kafin ka yanke masa hukunci, ka ba shi abin da ka ba mugun cikin fim kyauta: ka ji labarinsa. Zakka shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, duk gari sun gama yanke masa hukunci. Yesu ya tsaya a gindin itacen da ya hau, ya kira shi da sunansa, ya sauka a gidansa, mutane suna gunaguni. Luka sura 19 ta nuna abin da ya biyo baya: Zakka ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Gunagunin Yariko na shekaru bai mayar wa kowa ko anini ba. Jinƙai ne ya sa waɗanda aka zalunta suka sami hakkinsu.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya ɓata maka rai shi ma yana da ɗaki, kuma ba ka taɓa kwana a ciki ba. A makon nan, ka tuna da mutum ɗaya da sunansa ke yawan fitowa a bakinka in kana kuka da duniya. Ka je ka gaishe shi, ka tambayi lafiyar gidansa kafin ka ta da maganarka.

Addu'a: Ya Ubangiji, kai ka san labarin kowannenmu, ka kuma ji ƙanmu duk da haka. Ka ba mu kunnen sauraron abokanmu, ka tsare bakinmu daga ɓata sunan maƙwabci. Ka koya mana mu nemi hakkinmu da gaskiya da jinƙai. A cikin sunan Yesu, Amin.